Taliyar da ba alkama da ƙwallon naman talotalo: me ya sa take caɓewa, yaya ake gyarawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar 'yata mai shekara 9 tana da cutar siliyak, an hana ta duk abin da aka yi da alkama. Ba abincin da take so kamar taliya da miyar tumatir da ƙwallon nama irin na Italiya. Na sayo taliyar masara da shinkafa na dafa har sau biyu, duk ta caɓe ta manne. Ƙwallon naman talotalon da na yi ba tare da garin burodi ba kuwa, rabi ya wargaje a cikin miya, wanda ya tsira ya bushe kamar dusa. Mu biyar ne a gidan. Don Allah ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya, ya ba ku ikon kula da ita. Abin da ya same ki shi yake samun kusan duk wanda ya fara wannan girki, kuma matsalolin biyu daga wuri ɗaya suka fito: an cire alkama, amma aikin da take yi a cikin tukunya ba a ɗora wa wani abu shi ba.

A taliyar da muka saba da ita akwai furotin da ake kira gulutin, wanda shi ne yake sa kwaɓin fulawa danƙo. Idan taliya ta shiga tafasasshen ruwa, gulutin ɗin yakan ƙame ya zama kamar raga, ya tsare sitacin da ke kumbura a ciki. Shi ya sa ko kin manta da ita a wuta minti biyu ko uku, laushi kawai za ta ƙara, ba za ta narke ba. Taliyar masara da shinkafa ba ta da wannan raga. Sitaci ne yake riƙe da sitaci, don haka tsakanin "da saura" da "ta caɓe" wani lokaci bai wuce minti ɗaya ba. A ƙwallon nama kuwa ba gulutin ne ma yake aikin ba. Burodin da ake jiƙawa da madara soso ne kawai: yana shiga tsakanin naman ya hana shi tsukewa, ya kuma riƙe ruwan da naman yake fitarwa idan ya ji wuta. Wannan aiki shinkafa da dankali da rogo duk suna iya yinsa.

Kafin a kunna wuta, bari mu fara da abin da ya fi ɗanɗano muhimmanci, tunda siliyak ce likita ya tabbatar. Ƙa'idar da duniya take bi ita ce, ba a cewa abinci ba shi da gulutin sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Ɓurɓushin burodi kaɗan ya isa ya taɓa hanjin mai wannan cuta, ko da ba ta yi kukan ciwon ciki ba. A kwalin taliya ki nemi rubutun "gluten free", ko "senza glutine" idan daga Italiya ta zo, ko hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi. Kada ganin hoton masara a jikin leda ya ishe ki, domin akwai taliyar da ake haɗa masara da alkama. A jerin kayan haɗi na kowane gwangwani da kowane ƙunshi, kalmomin da za su sa ki ajiye shi su ne "wheat", "barley", "rye", "malt" da "semolina". Dunƙulen ɗanɗano, kori, haɗaɗɗen kayan ƙamshi na leda da hodar tashin kek, wasu kamfanoni suna sa musu fulawa ko sitacin alkama, wasu ba sa sawa, sai an karanta. Wannan girki ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, gishiri da cuku da tumatir sun wadatar.

Inda aka fi yin sakaci shi ne kayan aiki. Gwagwar da ake tace taliyar alkama da ita ba ta wankuwa sarai, sitaci yana maƙalewa a ramukanta, don haka ki saya wa yarinya tata daban ki yi mata alama. Haka muciya da cokalin katako da katakon yanka da ya tsattsage. Man da aka soya fanke ko cincin a ciki bai halatta a soya mata nama da shi ba. Shawarata ma ita ce a ranar wannan girki kowa ya ci irin tata. Tukunya biyu a wuta ɗaya, cokali yana fita nan yana shiga can, ta nan ne kuskure yake shigowa.

Yanzu nama. Talotalo ba shi da kitse sosai, musamman ƙirji, kuma a nan ne bushewar ta samo asali. Ki nemi cinya ta sama, ita ce mai maiƙo da ɗanɗano. Ƙafar ƙasa tana da jijiyoyi masu tauri kamar tsinken ƙashi, idan da ita za ki yi sai kin zauna kin zare su ɗaya bayan ɗaya. Idan niƙaƙƙe za ki saya, wanda kitsensa ya kai kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari ya fi; wanda aka rubuta kusan ba kitse, shi ne yake ba da dusar da kika gani. Niƙawa a gida ta fi aminci, domin injin da mai nama yake niƙa tsiran sosej da shi yakan taɓa garin burodi. Ki cire ƙashi, ki bar ɗan fata kaɗan saboda maiƙo, ki yanka ƙanana, ki sa a firiza minti 20 zuwa 30 har gefensa ya fara ƙanƙara. Sai ki niƙa kaɗan-kaɗan, kina kunna inji kina kashewa, har ya zama kamar tsaki. Idan kika bari ya zama lilis kamar kunu, ƙwallon zai fito da tauri irin na roba. Idan ba inji, wuƙa mai kaifi da katako mai tsabta sun isa, kuma na wuƙa ya fi daɗin tauna.

Ga mutum biyar, nama giram 500. Za ki haɗa shi da albasa matsakaiciya ɗaya da aka goga a magogi, tafarnuwa ƙwaya biyu dakakkiya, ƙwai ɗaya, gogaggen cuku mai tauri giram 40, gishiri giram 6, wato ƙaramin cokali ɗaya a shafe, masoro ko baƙin barkono rabin ƙaramin cokali, yankakken ganyen fasili babban cokali biyu, busasshen origano ƙaramin cokali ɗaya idan akwai, da man zaitun babban cokali ɗaya. Idan ƙirji kaɗai kika samu, man ya zama cokali biyu. Albasar gogawa ake yi, ba yankawa ba, kuma da ruwanta ake zubawa. Yankakkiyar albasa tana barin gurbi a jikin ƙwallon, daga nan yake tsagewa, sannan ba ta gama dahuwa kafin naman ya nuna.

Sai abin da zai tsaya a madadin burodi. Idan kina samun garin burodi marar gulutin, giram 50 a jiƙa da madara mililita 70 na minti goma. Idan babu, dafaffiyar shinkafa mai laushi irin ta tuwo giram 120, a murƙushe ta da cokali mai yatsu tare da madara babban cokali biyu har ƙwayar ta ɓace. Dafaffen dankalin turawa giram 130 da aka daka ya huce shi ma yana yi, kuma shi ne ya fi ba da taushi, sai dai ƙwallon yakan yi rauni, sai an lallaɓa shi wajen juyawa. Garin kwaki fari marar tsami, a tankaɗe a ɗauki mai laushin, giram 25 zuwa 30 a jiƙa da madara mililita 80, yana kama nama ƙwarai da gaske. Amma kada ki wuce wannan awo, domin rogo idan ya yi yawa danƙo yake yi, ƙwallon ya koma kamar teba. A ganina shinkafa ce ta fi dacewa da mai farawa: ba ta canja ɗanɗano, kuma ko awo ya ɗan kauce ba ta ɓata girki. Abin da ba na so shi ne zuba busasshen garin shinkafa ko na masara kai tsaye a cikin nama. Maimakon ya kawo ruwa, shanye na naman yake yi. Haka ƙara ƙwai: mutane da yawa idan ƙwallo ya wargaje sai su ƙara ƙwai biyu ko uku, alhali ƙwai idan ya dahu ƙamewa yake yi, yawansa tauri yake ƙarawa.

Masu siliyak da yawa, musamman a farkon gano cutar kafin hanji ya warke, madara tana ba su kumburin ciki. Idan haka yarinyar take, ki jiƙa da ruwa ko romon kazar da kika dafa da kanki, ba abin da zai ragu sosai.

Game da cuku, wanda Italiyawa suke sawa shi ne Parmigiano Reggiano. Madara da gishiri da sinadarin daskarar da madara kaɗai ne a cikinsa, ba gulutin, kuma saboda yana kwana aƙalla wata 12 kafin a sayar, sukarin madarar da ke damun ciki kusan babu shi. Sai dai sinadarin daskarwar daga tumbin ɗan maraƙi ake samo shi, kuma malamai sun yi saɓani a kan irin wannan idan ba a san yadda aka yanka dabbar ba. Mai son kauce wa shubuha zai iya neman cuku mai tauri da ke ɗauke da shaidar halal ko wanda aka yi wa masu ƙin cin nama. Ki sayi dunƙule ki goga da kanki, domin gogagge na leda ana barbaɗa masa gari don kada ya dunƙule, sai an karanta a san garin mene ne. Idan ba cuku gaba ɗaya, ki ƙara gishiri ɗan kaɗan da mai rabin cokali.

Yadda ake haɗawa shi ne maganin wargajewa. Ki fara cakuɗa komai a kwano ban da naman, har ya zama abu ɗaya. Sannan ki zuba naman da sanyinsa, ki cuɗa da hannu kamar minti ɗaya, har ki ji ya fara kama yatsunki yana ɗan danƙo. Wannan danƙon gishiri ne ya jawo furotin ɗin naman waje, kuma shi ne ainihin abin da yake ɗinke ƙwallon. Idan ba a cuɗa ya kai nan ba, zai watse a miya. Idan aka yi ta murza shi minti biyar kamar kwaɓin burodi, zai yi tauri. Haɗin talotalo yakan yi ruwa-ruwa fiye da na saniya, kada wannan ya tsorata ki har ki ƙara gari. Ki rufe ki sa a firji minti 30, zai kama jikinsa. Kafin ki mulmula duka, ki ɗebi ɗan kaɗan ki soya a kasko ki ɗanɗana. Gishiri ne ko barkono, yanzu ne ake iya gyarawa.

Girman ƙwallon ma yana da tasiri. A Italiya ba kasafai ake ɗora manyan ƙwallaye a kan taliya ba. Abin da suke kira polpette, wato ƙwallon nama, yawanci shi kaɗai ake ci da miyarsa bayan an gama da taliya. Haɗa su a faranti ɗaya ya yaɗu ne daga Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin wajen 1880 da 1920, inda suka tarar nama ya fi sauƙin saye. Inda ake haɗawa a can gida, kamar garin Teramo na yankin Abruzzo, ƙwallon ƙanana ne ƙwarai, ba su wuce girman gurjiya ba. Ga talotalo da taliya mai saurin karyewa, ƙarami ya fi: yana nuna kafin ya bushe. Ki shafa wa tafin hannunki ruwa ko mai, ki mulmula giram 30 kowane, kamar girman goro. Za ki samu kamar 27 zuwa 29, biyar-biyar ke nan da 'yan ragowa.

Lokacin da naman yake firji sai ki ɗora miya. A nan akwai ruɗani guda: tumatirin gwangwani da ake nufi a girkin Italiya ba kaurin nan ba ne da muke sawa a dafa-duka. Cikakken tumatir ne da aka ɓare aka rufe da ruwansa, irin wanda ya yi suna daga San Marzano kusa da birnin Napoli. Gwangwani biyu masu giram 400. Idan ɗanye za ki yi amfani da shi, kilo ɗaya da giram 200 na dogon tumatir mai tsoka wanda ya nuna jajir. Ki tsaga bayansa da wuƙa, ki tsoma a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30, ki ɓare, ki matse 'ya'yan, ki yayyanka. Kada ki markaɗa shi da attaruhu da tattasai kamar miyar shinkafa. Markaɗe yana shigar da iska, launin miyar ya koma ruwan lemo, 'ya'yan da suka niƙe kuma su kawo ɗaci.

Ki zuba man zaitun babban cokali uku a tukunya mai faɗi, ki sa albasa ɗaya yankakkiya ƙanana da ɗan gishiri, a wuta kaɗan, minti takwas zuwa goma har ta yi laushi ba ta yi ja ba. Sai tafarnuwa ƙwaya uku, daƙiƙa 30 kawai, domin idan ta ƙone duk miyar ta yi ɗaci kuma ba ta gyaruwa. Sai kaurin tumatir babban cokali ɗaya, ki soya minti biyu har launinsa ya yi duhu. Sai tumatirin da kika murƙushe da hannu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ruwa rabin kofi. Idan gidan ba a cin abinci ba yaji, rabin attaruhu a jefa shi a dunƙule a cire daga baya. Ki rage wuta ta riƙa zaɓalɓala a hankali, murfi a ɗan buɗe, minti 25 zuwa 30, har ki ga mai ya taso a gefe. Idan da tsami, ba sai kin sa kanwa ba, tana kashe ɗanɗanon tumatirin ta dusashe launinsa. Ƙaramin karas ɗaya da aka goga aka soya tare da albasa tun farko yana daidaita shi, ko sukari rabin ƙaramin cokali a ƙarshe. Wasu girke-girken za ki ga an ce a zuba giya a wannan miya. Ki bar ta, miyar ba ta rasa komai. Ganyen basil na Italiya ɗan'uwan ɗaɗɗoya ne, sai dai tamu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ganye uku ko huɗu sun isa, kuma a ƙarshe ake sawa bayan an kashe wuta.

Ƙwallon kuma, ki fara ƙamar da bayansa kafin ya shiga miya. Hanya mafi sauƙi obin ce: a shafa wa faranti mai, a jera su ba su taɓa juna ba, digiri 220 a ma'aunin Salshiyas na minti 10 zuwa 12. Idan kasko ne, mai babban cokali biyu, wuta matsakaiciya, kada ki cika kaskon, kuma kada ki taɓa su sai sun saki ƙasan da kansu, wajen minti biyu zuwa uku. Wanda aka ɗaga da wuri fatarsa tana maƙalewa a kasko, shi ne yake zuwa ya watse. Ba sai sun dahu har ciki ba. Ki jera su a cikin miya, ki rufe, wuta can ƙasa, minti 12 zuwa 15. A minti biyar na farko kada cokali ya shiga, tukunyar za ki riƙa girgizawa a hankali. Tafasa mai ƙarfi tana farfasa su, daɗewa kuma tana busar da su ko da a cikin miya suke. Naman tsuntsu niƙaƙƙe dole cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Ma'aunin zafin abinci shi ne tabbas. Idan babu, ki raba mafi girma biyu: ya zama ya ƙame har tsakiya, yana tururi, ruwan da ke fita fari ne.

Ki bar miyar da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kika saba. Taliyar masara da shinkafa tana shan miya ko bayan an zuba a faranti, miyar da ta yi daidai a tukunya za ta bushe kafin a gama ci.

Taliya ita ce ƙarshe, kuma ba a ɗora ta sai miya da nama sun gama, faranti a jere, kowa yana kusa. Mutane ne suke jiran wannan taliya, ita ba ta jiran kowa. Wajen saye, haɗin masara da shinkafa, irin na Barilla marar gulutin, shi ne ya fi kusa da ta alkama a tauna. Ta shinkafa zalla ta fi saurin yauƙi. Ta wake, kamar ta adas, tana da ƙosarwa amma tana kumfa sosai kuma ɗanɗanonta na wake yana fitowa, yara ba kowa ke so ba. Gajeru irin makaroni, mai kama da bututu ko mai murɗe, sun fi doguwa haƙuri. Doguwar tana haɗewa ta zama dami, kuma tana kakkaryewa wajen juyawa. Ki fara da gajera har hannunki ya faɗa.

Giram 400 zuwa 450 ya ishe ku. Ruwa lita huɗu da rabi zuwa biyar, a babbar tukunyar da ruwan ba zai wuce kashi biyu cikin uku nata ba, saboda kumfa. Ina kyautata zaton ƙarancin ruwa yana cikin abin da ya caɓe miki taki: wannan taliya tana sakin sitaci da yawa, idan ruwan kaɗan ne sai ya koma koko, zafinsa ya daina ratsa ta daidai, bayanta ya narke cikinta da saura. Gishiri babban cokali biyu bayan ruwan ya tafasa. Sai ya tafasa sosai yana juyawa kafin ki zuba. Da zubawa ki fara juyawa, kuma kada ki daina har minti biyu, domin a wannan lokaci ne sitacin bayanta yake zama gam ya manne ta da juna da gindin tukunya. Bayan nan sai juyi sau ɗaya a kowane minti. Kada ki rufe tukunyar. Zuba mai a ruwa ba ya hana mannewa, a sama yake tsayawa, iyakarsa ya ɗan kwantar da kumfa.

Lokacin da aka rubuta a kwali kada ki dogara da shi. Idan an ce minti 10, ki fara ɗanɗanawa a minti 7, sannan kowane daƙiƙa 30. Ki ciro ɗaya ki gutsura ki duba tsakiya: muddin akwai farin ɗigo mai garas-garas kamar alli, da saura. Da zarar ɗigon ya kusa ɓacewa, taliyar tana da ɗan ƙarfi a haƙori amma ba gari, ki sauke nan take. Wannan shi ne abin da Italiyawa suke kira al dente, sai dai a taliyar masara ba a barinta da ɗanyen ciki kamar yadda wasu suke yi da ta alkama, domin ɗanyen masara tsaki-tsaki yake yi a baki. Kafin ki tace, ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan ki ajiye. Ki tace a hankali, kada ki bar ta a gwagwa ko na minti biyu, a nan take dunƙulewa. Kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi yadda ake yi wa taliya a gidaje da yawa: sanyi yana sa ta tauri da karyewa, miya kuma ta ƙi kama ta. Idan ta shinkafa zalla ce kuma ta yi yauƙi, ruwan zafi daga buta za ki kwarara mata sau ɗaya.

Tun kafin ki tace, ki riga ki kwashe kamar kashi biyu cikin uku na miyar, ba nama, zuwa kasko mai faɗi a wuta kaɗan. Taliya daga gwagwa sai cikin kaskon. Ki ɗago ta daga ƙasa da babban cokali a hankali, daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya, kada ya wuce. Idan ta yi kauri ki sa ruwan taliyar babban cokali uku ko huɗu. Ruwan nan ya fi na taliyar alkama sitaci, yawansa yana sa miya ta yi gam. Ki kashe wuta, ki zuba man zaitun cokali ɗaya da ɗan cuku, ki raba a faranti, sannan ki ɗora ƙwallon da sauran miyar a sama. Juya ƙwallon tare da taliya a tukunya ɗaya yana farfasa su duka biyun. A gefe, latas da kokwamba da man zaitun da lemon tsami da gishiri sun isa. Miyar salak ta kwalba sai an karanta bayanta.

Abin da ya rage, nama da miya suna kwana uku a firji mai sanyi sosai, wata uku a firiza idan wuta tana tsayawa. Kada su wuce awa biyu a waje, a lokacin zafi ma awa ɗaya. Za ki iya ninka awon naman ki daskarar da rabi, ranar da ake sauri sai dafa taliya kawai. Taliyar ce ba ta kwana da kyau. Sitacin masara da shinkafa idan ya huce yana ƙanƙancewa, ta yi tauri tana gutsurewa. Idan ta rage, ki yayyafa mata ruwa ki rufe ki ɗumama a wuta kaɗan har ta yi zafi sosai, za ta ɗan dawo. Abincin makaranta kuwa, gara ki sa mata ƙwallon da miyar a kan shinkafa ko dankali.

Wannan taliya tana da tsada kuma ba kullum ake samunta ba, don haka ga abin da mutanen arewacin Italiya suke cin irin wannan nama da miya da shi: polenta, wato tsakin masara mai laushi da ake dafawa ya tsaya tsakanin talge da tuwo. Ruwa lita ɗaya da rabi, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, tsakin masara giram 300 a zuba a hankali ana juyawa don kada ya yi gudaji, a rage wuta, a riƙa tuƙawa lokaci-lokaci minti 40, a ƙarshe a sa man shanu ko man zaitun cokali biyu da ɗan cuku. Masara ba ta da gulutin, haka gero da dawa da acca, amma injin niƙa na unguwa yana niƙa alkama, kuma garinta yana saura a cikinsa. Ki surfa masarar ki wanke ki shanya, ki ɓarza a injin gida ko a turmin da ba a daka alkama a ciki. Wadda ta rage ki zuba a faranti ta kwana a firji, da safe ta ƙame, sai ki yanka ki soya a sabon mai har bayanta ya yi ja, ki ɗumama sauran miyar a kai.